Hawan Tubkal a Watan Janairu: Abin da Ya Shiga Jaka da Abin da Ya Tsaya a Imlil

Tun kafin mu gama shan shayin da aka tarbe mu da shi a Imlil, garin da ake fara hawan Dutsen Tubkal na Maroko daga cikinsa, ja-goranmu ya ce kowa ya zazzage jakarsa a kan darduma. Mu uku ne, shi na huɗu, Ba'amazige, wato ɗan ƙabilar asali ta waɗannan tsaunuka, ɗan ƙauyen Aremd da ke sama da garin kaɗan. Ya durƙusa yana ɗaga kaya ɗaya bayan ɗaya, yana murza yadin da yatsa, yana jefawa dama ko hagu. Wandon jins ya tafi hagu. Singiletin auduga guda uku, hagu. Wata ƙatuwar rigar sanyi mai nauyin kilo biyu da ɗayanmu ya sayo a gwanjo yana alfahari da ita, hagu. Da ya gama, tulin hagu ya fi na dama tsayi, kuma shi ne zai kwana a Imlil har mu sauko.

Dutsen Tubkal yana cikin jerin tsaunukan Atlas na Maroko, tsayinsa mita 4,167, babu wanda ya kai shi a duk Arewacin Afirka. Daga Marrakesh zuwa Imlil tafiyar kilomita sittin da 'yan kai ce ta hanyar Asni, a nan kwalta take ƙarewa, a tsayin kusan mita 1,740. Masaukin da ake kwana kafin a hau ƙololuwa yana kan mita 3,207. Don a gane lissafin, Chappal Waddi na jihar Taraba, wanda ya fi kowane tsauni tsayi a Najeriya, mita 2,419 ne. Ke nan gadon da za ka kwanta a kai ya ɗara ƙololuwar Najeriya da kusan mita ɗari takwas. Tun bayan kisan da aka yi wa wasu 'yan yawon buɗe ido biyu a yankin a watan Disamban 2018, ba a barin kowa ya hau sai da ja-gora, kuma akwai shingen jami'an tsaro a hanya inda ake duba fasfo. Saboda haka fasfo yana cikin kayan hawa: a sa shi a leda mai zif, a aljihun da hannu zai kai ba tare da an kwance jaka ba.

Wanda ya tashi a ƙasarmu yakan auna sanyi da muku-mukun hunturu, ko da daren Jos a watan Disamba. Wannan ma'aunin ba ya aiki a nan. Duk mita dubu da ka hau, zafin iska yana raguwa da kusan digiri shida da rabi. Ranar da muka bar Marrakesh da hantsi mutane na yawo da riga ɗaya. Tsakanin birnin da ƙololuwa akwai tazarar mita 3,700, wato digiri ashirin da huɗu ke nan aka zabge. Sai kuma iska ta zo ta yi nata: sanyin digiri goma ƙasa da sifili, idan iska mai gudun kilomita arba'in a awa ta haɗu da shi, fata takan ji shi kamar ashirin ƙasa da sifili.

Amma abin da ya fi kayar da mutane gumi ne. Kana hawa da kaya a baya, jiki zai yi zufa ko da dusar ƙanƙara na zuba. Auduga tana shanye zufar ta riƙe, ba ta saki, ruwa kuwa yana zuƙe ɗumin jiki kusan ninki ashirin da biyar fiye da iska. Muddin kana tafiya ba za ka ji komai ba. Minti biyar da tsayawa, rigar ta zama tsumma mai sanyi manne da bayanka. Shi ya sa singileti da jins suka tafi hagu, shi ya sa kuma ƙatuwar rigar nan ba ta da amfani: idan ka sa ta ka jiƙe, idan ka cire ta ka daskare, babu tsaka-tsaki.

Abin da ake yi shi ne saka kaya hawa-hawa, kowane da aikinsa. Na jikin fata riga ce mai dogon hannu ta ulun merino ko ta zaren roba irin na 'yan wasanni, mai kama jiki, da dogon wandon ciki irinta. Guda biyu na ɗauka: ɗaya ta tafiya, ɗaya busasshiya a leda wadda ba ta fitowa sai an isa masauki. Merino ta fi tsada amma ba ta saurin wari, ta roba ta fi saurin bushewa amma kwana biyu ya isa ta kori maƙwabcin gadonka. A kanta sai suwaita mai laushi ta filis, mai zif har ƙasa don a iya buɗe ƙirji idan zafi ya taso. Sai jaket na waje marar kauri wanda ruwa da iska ba sa ratsa shi, mai hula da za a iya tsukewa, da wandonsa mai zif a gefe tun daga idon sawu har cinya, domin a iya zura shi ba tare da an cire takalmi ba. Na ƙarshe shi ne jaket mai cike da gashin agwagwa. Wannan ba na tafiya ba ne, na tsayawa ne. Yana zaune a bakin jaka, da zarar an ce a huta sai a ɗora shi a kan komai, da an ce a tashi sai a mayar da shi. Ya zama ya fi girmanka kaɗan don ya hau kan sauran kayan. Gashin agwagwa idan ya jiƙe ya mutu, sai ya cure ya zama kamar danƙararren tuwo, don haka ledarsa daban.

Dukan waɗannan ana samunsu a gwanjo idan mutum ya san abin da yake nema, ni ma filis ɗina da wandon tafiyata daga can suke. A duba takardar da ke cikin wuyan rigar a ga da me aka saƙa ta. Jaket na ruwa ne kawai ba na yarda da tsoho: a juya cikinsa, idan siririn tef ɗin da aka liƙe a kan ɗinki ya fara ɓarewa, ko farin shafen ciki yana zuba kamar garin alabo, ya gama aiki.

Takalmi kuwa shi ne inda araha ba ta ado. Kambas da takalmin gudu ba su da wurin zuwa a lokacin sanyi. Ana bukatar but mai rufe idon sawu, marar shan ruwa, mai taurin ƙasa. Gwajin mai sauƙi ne: riƙe gaba da dunduniya ka lanƙwasa, idan ya naɗe kamar silifa, ajiye shi. Dalilin taurin shi ne ƙarfen da ake ɗaurawa a ƙasansa, mai haƙora goma ko goma sha biyu, wanda mutanen Imlil ke kira da sunansa na Faransanci, kirampon. Ƙarfe ba ya lanƙwasa. Idan takalmi yana lanƙwasa a kansa, kowane taku yana sassauta ɗaurin, har ya suɓuce, kuma ba ya zaɓar wuri mai kyau ya suɓuce. Masu sayarwa suna rarraba takalman gwargwadon taurinsu daga B0 zuwa B3, ƙarafan daga C1 zuwa C3. Ga hanyar da muka bi, B1 ko B2 da ƙarfe C1 mai igiya sun wadatar. Ƙa'idar ita ce kada lambar ƙarfe ta wuce ta takalmi.

A Imlil akwai shagunan da ke ba da hayar but, kirampon, gatarin ƙanƙara da sanduna, kuma ga mai zuwa sau ɗaya haya ta fi saye hankali. Sai dai a karɓi takalmi da ƙarfe tare, a zauna a bakin shagon a daidaita tsawon ƙarfen da takalmin, a ɗaura, a buga ƙafa, a girgiza. Kan igiyar ɗaurin ya kasance ta wajen ƙafa, ba ta ciki ba, in ba haka ba haƙorin ɗaya ƙafar zai kama shi. A duba ko akwai faifan roba a ƙarƙashin ƙarfen. Idan babu, da rana ta taɓa dusar ƙanƙara sai ta riƙa curewa tsakanin haƙoran har ta rufe su, ka koma tafiya a kan dunƙule mai santsi. But ɗin ya ɗara girman ƙafarka da lamba ɗaya, a gwada shi da safar da za a hau da ita. Idan yatsu ba sa motsi a ciki, jini ba zai zagaya ba, kuma ƙara safa ta biyu a cikin matsattsen takalmi ƙara sanyi ne. Safar ulu mai kauri ƙafa uku na ɗauka, da siririya ta ciki ƙafa biyu don rage bororo. A kan ƙwauri akwai marufin da ake ɗaurawa daga gwiwa zuwa kan takalmi. Yana hana dusar ƙanƙara zubawa ta baki, yana kuma karɓar yagar da haƙoran ƙarfe za su yi wa wando.

Wanda zai zo da nasa kayan ta jirgi ya sani: gatari, kirampon da sanduna cikin babbar jakar da ake aunawa suke shiga, a naɗe bakinsu da kwali. Batir na cajin waya kuwa dole a jakar hannu. But ɗin a saka shi a ƙafa a hau jirgi da shi, domin idan jaka ta yi ɓatan kai a Kasabalanka komai ana iya haya ko saye, amma takalmin da ya saba da ƙafarka ba ya da madadi.

Da safe muka raba kaya biyu. Babbar jakar yadi ta hau alfadari: jakar barci, kayan canji, silifa, abin wanka. Jakar baya mai cin lita talatin da biyar zuwa arba'in ta tsaya a kafaɗa, nauyinta da ruwa bai wuce kilo takwas ba. Duk abin da rai ya dogara da shi a jakar baya yake zama, domin a lokacin sanyi alfadarai ba sa kaiwa masauki. Inda ƙanƙara ta fara nan suke juyawa, 'yan dako su karɓa, kuma kayanka suna iya riga ka isa ko su zo bayanka da awa biyu. Kafin a zuba komai a jakar baya a shimfiɗa babbar leda mai kauri a ciki, irin ta shara. Rigar ruwan da ake lulluɓa wa jaka ta waje iska ce ke fara ɗauke ta.

Hanyar ta ratsa itatuwan goro irin nasu da na tuffa, duk sun kaɗe ganye, ta wuce Aremd, ta bi faffaɗan kwari mai tsakuwa, sannan ta fara hawa. Bayan kamar awa biyu da rabi muka isa Sidi Shamharush, wurin da ke da wani ƙaton dutse da aka shafe da farin fenti, mutanen ƙasar na zuwa ziyara, ga 'yan rumfunan shayi da lemon zaƙi. A nan auduga ta nuna halinta. Babbanmu a tafiyar ya faki idon ja-gora ya bar singiletinsa a ciki. Muna zama ya fara makyarkyata, kofin shayi na rawa a hannunsa.

"Alhaji, me ke jikinka a ciki?" na tambaye shi.

"Kai dai bari, ɗan'uwa. Tsohuwar al'ada ce."

Sai da ya tuɓe a bayan rumfa cikin wannan iska, ya sa busasshiyar rigarsa ta dare, jiƙaƙƙen singiletin ya shiga leda. Kafin mu kai masauki ya yi tauri kamar kilishi. Darasin da ja-gora ya maimaita shi ne a fara tafiya ana ɗan jin sanyi. In ka fito kana jin daɗi, bayan minti goma kana zufa.

Sama da nan kaɗan muka ɗaura ƙarafa. Daga Imlil zuwa masauki mun ci awa shida da rabi.

Masaukan biyu ne kusa da juna, gine-ginen dutse, ɗaya na ƙungiyar masu hawan tsauni ta Faransa reshen Kasabalanka. Ana cire but a ƙofa. Ɗakunan kwana na taro ne, gadaje hawa biyu, akwai barguna, amma ɗumin wuta a ɗakin cin abinci yake tsayawa. Jakar barci wadda aka rubuta tana riƙe ɗumi har digiri biyar ƙasa da sifili ta ishe ni, da bargo a kai. A lura da lambobin da ke jikinta: ta farko, ta kwanciya cikin jin daɗi, ita ake dubawa. Ta ƙarshe lambar tsira da rai ce, ba ta barci ba. Cikin jakar barcin ba kai kaɗai kake kwana ba. Waya, batir, tocila, safar gobe, shimfiɗar cikin takalmi da safar hannu duk suna shiga, har da gorar ruwan zafi a wajen ƙafa, an tabbatar murfinta ya ɗauru. A ɗauki kuɗin dirhami a hannu, da abin toshe kunne, don mutum ashirin masu haki da minshari a ɗaki ɗaya ba wasa ba ne.

Ciwon kan da ya zo da dare ba na sanyi ba ne. A wannan tsayi kowane numfashi yana kawo kusan kashi biyu cikin uku ne na iskar da huhu ya saba samu a bakin teku, a ƙololuwa ya sauka zuwa wajen kashi sittin cikin ɗari. Shawarar likitocin tsauni ita ce idan an wuce mita 3,000 kada wurin kwana ya ƙaru da fiye da mita 500 a dare guda, alhali tsarin kwana biyu da ake tallatawa yana ɗaga mutum kusan mita 1,500 a wuni ɗaya. Mu mun ƙara kwana a Imlil, muka hau wata mashiga mai suna Tizi Mzik, kusan mita 2,500, muka sauko muka kwana. A ganina wannan kwanan ya fi duk wani abin da ke cikin jaka daraja. Akwai maganin asetazolamaid da ake fara sha kwana ɗaya kafin hawa, amma likita ne zai rubuta, yana sa yawan fitsari da tsikarin yatsu. Idan ciwon kai ya haɗu da amai, ko tafiya ta zama tangaɗi, ko numfashi ya ƙi daidaita alhali ana zaune, magani ɗaya ne: a sauka, ko da tsakar dare ne. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman. Mai sikila ba ya zuwa irin wannan wuri, mai AS ma, wanda lafiya lau yake a gida, ƙarancin iska na iya taɓa masa saifa. Ciwo mai tsanani a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu alama ce. A yi gwajin sikila, a ga likita kafin a sayi tikiti.

Lokacin da muka je, agogon Maroko ɗaya ne da na Najeriya da Nijar in ban da watan azumi, amma a Janairu rana ba ta fitowa sai wajen takwas da rabi, asuba kuma wajen bakwai. Mun fita ƙarfe shida saura, cikin duhu. Alwala a masauki muka yi da ruwan ɗumi, muka goge jiki sarai kafin mu sa safa, muka riƙe ta har lokaci ya yi, muka yi salla a wani ɗan fili bayan hawan farko, jaket ɗin gashi a kan komai. Wanke ƙafa a waje a irin wannan sanyi neman rasa yatsa ne.

Tocilar goshi ita ce ido na awa biyu da rabi. Hasken waya ba ya maye gurbinta, domin hannaye biyu duk suna da aiki. Batirin litiyam ya fi jure sanyi, na canji kuma a aljihun ƙirji. Wayar ɗayanmu da ke aljihun wando ta mutu tana da caji kusan rabi, ba ta farfaɗo ba sai da ta ɗumama a hammata. Ruwa lita biyu, da filas na shayi mai sukari. Jakar ruwa mai tiyo da ake zuƙa ba ta da amfani, tiyon ne ke fara daskarewa. Gora mai faɗin baki ta fi, a zura ta cikin safa, a kife ta a jaka murfi na ƙasa, saboda ruwa daga sama yake fara ƙanƙara. Guzuri kuma abin da haƙori zai iya ne: dabino, gyaɗa, zabibi, a aljihu ba a jaka ba. Cakulan mai danƙo yakan koma tsakuwa.

Safar hannu hawa uku ce: siririya da ba a cirewa ko za a ɗaura igiya, mai kauri marar shan ruwa a kanta, da dunƙulalliya marar yatsu a jaka don tsananin iska. Kowace da zaren da ke rataye ta a wuyan hannu. A mashigar Tizi n'Tubkal, ƙasa kaɗan da mita 4,000, na ga safar wani Bature ta tashi sama ta gangara kwazazzabo, bai fi daƙiƙa biyu da ajiye ta a gwiwa ba. Ja-goransa safar ƙafa ya zura masa a hannu. Kai kuma hular ulu mai rufe kunne, da ƙyallen wuya da ake ja har hanci. Fatarmu ba ta nuna cin sanyi da ja ko fari kamar yadda littattafan Turawa ke kwatantawa. Wurin yakan yi toka-toka, ya yi tauri, ya daina ji. Idan yatsa ya daina ciwo ba sauƙi ya samu ba. A sa shi a hammata, kada a murza, kada a kanga a wuta.

Da rana ta fito sai wata matsalar. Sabuwar dusar ƙanƙara tana mayar da kusan kashi tamanin cikin ɗari na hasken da ke ƙona fata da ido, daga ƙasa yake bugowa, hula ba ta tare shi. Tabarau mai lamba 3 ko 4 ake so, mai rufe gefe, da na biyu irin na masu wasan zamiya a kan ƙanƙara don lokacin da iska ke watsa ƙanƙara a fuska. Na bakin titi mai duhu kawai ya fi babu muni, don yana buɗe ƙwayar ido ba tare da ya tace komai ba. Man kare rana mai lamba 50 a hanci, ƙarƙashin haɓa da leɓe. Baƙar fata ma tana saɓulewa a can. Man kaɗanya na dare ne, don faso da tsagewar leɓe.

Daga mashigar zuwa sama hanya tana bin kafaɗar dutse, akwai wani guntun wuri da ake ratsawa a kaikaice, gefe ɗaya rami. Nan aka naɗe sanduna aka ciro gatari. Ana riƙe shi a hannun da ke wajen tudu, ana kafa ƙotarsa kafin a ɗaga ƙafa, ana taka ƙarfe a shimfiɗe yadda duk haƙoran za su ciji ƙanƙara, ƙafafu a ware. Ranar da muka isa masauki, da yamma ja-gora ya kai mu gangaren bayansa, ya sa muka yi ta faɗuwa muna kifewa a kan gatari har jiki ya haddace. Ya kuma gaya mana tun a Imlil cewa idan sabuwar ƙanƙara ta zuba da yawa ba za mu hau ba, saboda zaftarewa, kuma ba za a yi ciniki a kan wannan ba.

Ƙarfe goma da kwata muka taɓa dalar ƙarfen da aka kafa a ƙololuwa. Ta arewa filin Marrakesh cikin hazo, ta kudu Dutsen Sirwa da ƙasa mai launin jan yumɓu tana miƙewa wajen Sahara. Minti goma sha biyar muka yi, iska ta kore mu. Kafin saukowa kowa ya sake tsuke igiyar but a wuyan ƙafa, in ba haka ba yatsu za su yi ta dukan gaban takalmi har farce ya yi baƙi.

Da muka dawo Imlil washegari na sake zazzage jakar a kan dardumar nan don in ga abin da ban taɓa ba: dunƙulalliyar safar hannu, bargon leda na gaggawa, usur, batir na canji, filastar bororo da rabin dabino. Dabinon muka ba mai alfadari, sauran na mayar da su inda suke a jaka. Mai shagon haya ya ƙirga haƙoran ƙarafansa, ya juya but ɗin ya ga sun bushe, ya miƙo mana kuɗin ajiyarmu.